Cutar MS ta shiga tsakanina da maigidana: wa zan tunkara da wannan magana?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, kuma yau ma sai da na rubuta na goge har sau uku kafin na daure na aiko. Shekarata 31, ina zaune a Kano, shekarata tara da aure, 'ya'yana biyu. Shekara uku da suka wuce idona na hagu ya dushe cikin kwana biyu, yana ciwo duk lokacin da na juya shi. Ya warke, amma bayan wata bakwai sai ƙafafuna suka yi nauyi suka sage, har takalmi yakan fice mini a hanya ban sani ba sai an nuna mini. An ce jifa ne, an ce sanyi ne ya yi mini yawa, daga ƙarshe likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya sa aka yi mini hoton MRI aka kuma ɗebi ruwan lakata, ya ce cutar da ake kira maltipul sikilerosis ce, wadda ake taƙaitawa da MS. Alhamdu lillahi ina takawa da ƙafata, ina girkina, ina zuwa makarantar da nake koyarwa.

Abin da ya kawo ni shi ne abin da na kasa faɗa wa likita. Tun daga ciwon ƙafar nan kwanciyar aure ta zame mini abin fargaba. Sha'awa ta ɗauke, ni'ima ta ƙafe, gabana ya sage kamar ba a jikina yake ba, wani lokacin kuma taɓawa kaɗan sai in ji zafi kamar an goga mini barkono. Idan dare ya yi gajiyar da nake ciki ta wuce ta wanda ya wuni yana aiki. Sannan watanni huɗu da suka wuce, muna tare da maigida, fitsari ya kufce mini ya jiƙa zanen gado. Bai ce mini komai ba, shi ya ma cire zanen da hannunsa ya kai banɗaki, amma ni tun daga daren nan nake neman dalilin kwana a ɗakin yara. Yanzu mun koma gaisuwa da maganar cefane. Ina ganin yadda yake kallona kamar mai son tambaya, ni kuma ina kauda kai.

Ranar asibiti likitana namiji ne, layi dogo ne, ɗalibai suna tsaye a kansa, abin da yake tambaya shi ne ido da tafiya da magani. Ta ina zan fara? Shin wannan daga cutar ne, ko ni ce zuciyata ta mutu? Akwai waɗanda aikinsu ne ba da shawara a kan irin wannan, kuma me suke yi wa mutum idan ya je? Ina kuma tsoron alhaki, domin na san abin da ake faɗa game da matar da mijinta ya neme ta ta ƙi.

Anti Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, na yi shekaru a ɗakin masu cutukan jijiyoyi kafin na koma sashen mata, saboda haka zan yi miki magana ƙeƙe-da-ƙeƙe yadda muke yi a ɗakin awo.

Zuciyarki ba ta mutu ba. Cutar MS tana faruwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta afka wa rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙon da ke kai da komowa tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ya riƙa makara ko ya ɓace a hanya. Saƙon da ke sa mace ta ji taɓawa a gabanta, da wanda ke sa ni'ima ta sauko, da wanda ke kai ta ga gamsuwa, duk ta cikin lakar nan suke bi, wato hanyar da ta lalace har takalminki ya fice ba ki ji ba. Ƙididdigar da ƙungiyar masu wannan cuta ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 zuwa 40, daidai lokacin da aure yake ɗanye. Bincike daban-daban sun nuna tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na matan da ke da ita suna fama da irin abin da kika lissafa, sai dai mafi yawansu ba a tambayarsu, su ma ba sa faɗa.

Masana sun kasa matsalar gida uku, kuma ina so ki riƙe wannan rabon domin shi ne yake sa abin da ya yi kama da dutse ya zama tsakuwar da ake tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai abin da cutar ta yi wa jijiyoyin kai tsaye, wato sagewa da zafin da bushewar da ɗaukewar sha'awa. Akwai abin da ya biyo ta bayan gida: gajiya, sanƙarewar cinyoyi, rashin riƙe fitsari, da illar magunguna. Na uku shi ne abin da ya taru a zuciya, kunyar daren nan, da tsoron kada a ƙara, da ganin kamar kin tashi daga mata kin koma majinyaciya. A labarinki dukkansu suna nan, amma abin da ya kai ki ɗakin yara shi ne kashi na biyu da na uku, kuma su ne suka fi saurin gyaruwa.

Game da masu ba da shawara, tsarin da aka fi amfani da shi shi ne wanda wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Jack Annon, ya fitar a 1976, ana kiransa PLISSIT. Mataki huɗu ne. Da farko ma'aikaciyar lafiya ta buɗe ƙofa, ta nuna wa mace cewa wannan magana ce da ake yi a asibiti kamar maganar hawan jini. Sai ta ba ta bayani daidai matsalarta, irin wanda na fara yi miki yanzu. Sai shawarwari na musamman da za ta je ta gwada a gida ta dawo da labari. Wadda abin ya ƙi sai a tura ta wurin ƙwararre, likitan mata ko na mafitsara ko na damuwa. A Iran, inda cutar take da yawa kuma kunyar matansu ba ta da nisa da tamu, an gwada wannan tsari a kan matan aure masu MS, aka ga ci gaba a sha'awarsu da gamsuwarsu bayan 'yan zama kaɗan. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne matakai ukun farko ba sa buƙatar farfesa. Ungozoma ko nas da ta san cutar za ta iya. Don haka ki nemi a haɗa ki da likitar mata mace ko babbar nas a asibitin da kike zuwa, ki tafi da dukkan magungunanki a leda.

Na ce ki tafi da magungunan ne saboda wasu daga cikinsu suna da hannu. Magungunan damuwa irin su fuluwoksetin da sataralin suna rage sha'awa suna kuma jinkirta gamsuwa, maganin mafitsara irin oksibutinin yana ƙara bushewa. Kada ki daina ko ɗaya da kanki, likita ne zai sauya ko ya gyara lokacin sha. Bushewa kuwa, man K-Y da makamantansa masu ruwa da ake sayarwa a kemis suna maganinta, a sa da yawa ba a ɗan dangwala ba. A guji basilin da man girki domin suna jawo ƙwayoyin cuta kuma suna lalata kwaroron roba. Fitsari kuwa, ki rage shan ruwa da shayi kamar awa biyu kafin lokacin, ki shiga banɗaki gab da kwanciya, ki ɗan jira ki sake gwadawa domin mafitsarar mai MS ba ta cika zubar da komai a karo ɗaya ba. Ki sa a gwada fitsarinki ma, saboda ciwon mafitsara yana iya tayar da alamomin cutar. A sashen gashin ƙashi suna koyar da motsa tsokar ƙasan mara, yana taimakawa idan aka dage. Shawarata ta ƙarshe, ki tafi da maigidanki zama na gaba.

Maman Yasmin, daga Ingila, ta amsa:

'Yar'uwa, na karanta saƙonki da hawaye, domin shekara 11 ke nan ina tare da wannan cuta, kuma na yi nawa kwanan ɗakin yaran. Duk abin da Anti ta faɗa haka yake. Wuri ɗaya kawai zan saɓa mata, cikin girmamawa: ni ban ga ya kamata zaman farko ya zama da maigida ba. Ranar da nas ɗina ta fara yi mini wannan tambaya, da mijina yana wurin da na ce lafiya lau. Ki je ke kaɗai tukuna, ki koyi furta kalmomin da bakinki, sannan ki gayyato shi. Idan baki ya ƙi buɗuwa, ki rubuta layi uku a takarda ki miƙa wa likita tare da katinki. Ni haka na yi.

Abin da ba a ambata ba kuma yake da muhimmanci a Kano shi ne zafi. Jijiyar da MS ta taɓa tana ƙara kasawa da zarar jiki ya ɗumama, tun 1890 wani likitan ido Bajamushe mai suna Uhthoff ya lura da haka, har ake kiran abin da sunansa. Duk lokacin da na zo gida a watan Afrilu nakan koma kamar wadda aka zare wa laka, idona ya yi hazo, ƙafata ta ja. Ki duba ɗakinku da dare a bazara, ga zafin da bango ya sha tun rana, ga wuta ba ta tsayawa, ga ki kin wuni a aji kin dawo kin tsaya a gaban murhu. Babu yadda jikinki zai amsa a wannan yanayi. Mu abin da ya gyara mana shi ne sauya lokaci. Mun koma bayan sallar Asuba a ranar da babu aiki, lokacin gari da sanyi-sanyi kuma ƙarfina yana nan. Nakan watsa ruwa mai sanyi kafin nan, in ajiye jiƙaƙƙen tawul kusa in ɗora a wuya. Akwai kuma babban tawul mai duhu da muke shimfiɗawa kowane lokaci, ko da abu zai faru ko ba zai faru ba, kuma wallahi tun da ya zama ɗabi'a fargabar ta ragu da kanta. Kwanciya ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi ta fi mini sauƙi saboda sanƙarewar cinya, kuma likita ya gyara mini lokacin shan baklofen, maganin sassauta sanƙarewar tsoka, ya dace da hakan.

Abin da ya fi kowanne amfani a wurinmu shi ne wani aiki da aka ba mu, na sake sanin jiki. Aka ce mu ware lokaci mu kulle ƙofa, da sharaɗin babu saduwa a ranar ko da an so, ya riƙa taɓa ni a hankali daga kai har tafin ƙafa, ni kuma ina faɗa masa nan ina ji, nan ba na ji, nan zafi, nan ƙara dannawa. Karon farko kunya ta kusa kashe ni. Amma a nan na gano cewa wuyana da bayan kunnena da cikin hannuna sun fi da ji, kuma wuraren da suka sage suna amsa dannawa mai ƙarfi fiye da shafa. Shi ma a ranar ya fara fahimtar cewa ba ƙinsa nake yi ba. Ba zan yaudare ki in ce komai ya koma kamar shekarar amarci ba. Akwai watannin da cutar take tashi mu haƙura gaba ɗaya. Amma ɗaki ɗaya muke kwana.

Malamar Islamiyya ta amsa:

Allah Ya ba ki lafiya 'yata. Ni maganar alhakin nan ce ta tsaya mini a rai, domin na ga mata da yawa suna ɗora wa kansu nauyin da shari'a ba ta ɗora musu ba. Hadisin da kike nufi ingantacce ne, amma malamai sun bayyana cewa yana magana ne a kan wadda ta ƙi ba tare da uzuri ba, kuma rashin lafiya da jin ciwo uzuri ne karɓaɓɓe. Ƙa'idar da ke cewa babu cuta babu cutarwa tana aiki a cikin turaka kamar yadda take aiki a kasuwa, kuma a aya ta 19 ta Suratun Nisa'i an umarci maza su zauna da matansu da kyautatawa. Inda nake ganin gyara a wurinki shi ne shirun. Mijinki yana da haƙƙin ya san dalili, kada ki bar shi da zato wata huɗu.

Tambayar likita kuma ba rashin kunya ba ne. Ummu Sulaim ta tsaya gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce Allah ba Ya jin kunyar gaskiya, ta yi tambaya a kan mafarkin mace, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Faɗa wa mai magani abin da ke damunki domin neman waraka bai shiga cikin tona asirin shimfiɗa da aka hana ba. Wankan janaba ki yi shi da ruwan da bai yi zafi ba tunda kin ji abin da Maman Yasmin ta ce, ranar da jiki ya gaza har wanka zai cutar da ke akwai taimama, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya akwai sassauci a alwalar wanda fitsari ke yawan kufce masa. Ki samu malamar da kika amince da ita ki yi mata bayanin yadda naki yake, ta faɗa miki hukuncin da ya dace da ke.

Wani Magidanci ya amsa:

Ku gafarce ni da shigowa maganar mata, amma matata tana da wannan cuta, kuma ina ganin baiwar Allah nan tana buƙatar jin yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren. Lokacin da iyalina ta fara guje mini, tunani biyu ne suka riƙa cin raina: ko na yi mata wani laifi ne, ko kuma kusantarta da nake yi ce take ƙara mata ciwo. Na biyun ya sa ni ma na ja baya, ita kuma ta ɗauka ƙyamarta nake yi. Muka shafe kusan shekara kowa yana tausayin ɗan'uwansa a ɓoye. Ranar da likita ta gaya mini a gabanta cewa saduwa ba ta tayar da cutar, ba ta ƙara ta, kuma ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga kai. Mutumin da ya cire zanen gado da hannunsa ya yi shiru don kada ki ji kunya, ina kyautata zaton jira yake ki fara. Ki zaɓi lokacin da ba na kwanciya ba, kuna zaune da rana yara ba sa nan, ki ce masa likita ya ce jijiyoyin da suka taɓa ƙafarki sun taɓa can ma.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowannenku da alheri. Na kwafi layi ukun a takarda na sa a cikin katin asibitina, ranar Talata nake da ganin likita. Anti, saura tambaya biyu. Gwaggona ta lura da halin da muke ciki ta kawo mini kayan mata, akwai gumba da tsumi, akwai kuma na matsi da ta ce shi ne zai dawo da ni'ima. Ban taɓa ko ɗaya ba tukuna. Sannan maigida ya daɗe yana son mu ƙara haihuwa, ni kuma ina tsoron kada ciki ya kwantar da ni ko in gadar wa yaro cutar, kuma na gane wannan tsoron ma yana cikin abin da ke sa ni janyewa.

Anti Ungozoma ta sake amsawa:

Na karɓi gyaran Maman Yasmin, ki fara zuwa ke kaɗai. Na matsin nan kuwa, don Allah ki ajiye shi. Yawancinsu aikinsu tsuke wuri da busar da shi ne, ke kuma bushewa ce matsalarki, sannan wurin da ya sage zai iya ƙonewa ko ya yi rauni ba ki ji ba sai ya yi nisa, ga shi wasu magungunan MS suna rage ƙarfin garkuwar jiki. Na ci da na sha, idan dabino ne da aya da kwakwa da zuma da kika ga yadda aka haɗa su, abinci ne, ki ci. Wanda aka ƙulla a roba babu mai sanin abin da ke ciki, kada ki haɗa shi da magungunanki sai kin nuna wa likita.

Haihuwa kuma MS ba ta hana ta. Wani babban bincike da aka yi a Turai aka wallafa a 1998 ya nuna tashin cutar yana raguwa lokacin goyon ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, sannan ya ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa, don haka lokacin jego ne ake shirya wa, a tanadi mai taimako a gida, a kuma tsara da likita yaushe za a koma kan magani. Wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon wuta ba naki ba ne, ki sanar da iyaye tun da wuri. Cutar ba a gadonta kai tsaye irin na sikila. Haɗarin ga ɗan mai ita ya ɗan fi na sauran yara, amma mafi yawansu nesa ba kusa ba ba sa kamuwa. Abin da ba a wasa da shi shi ne maganin da kike kai yanzu. Wasu, kamar teriflunomaid da fingolimod, suna iya cutar da ɗan tayi, dole a dakatar da su bisa tsari kafin a ɗauki ciki, wasu kuma an fi samun natsuwa da su. Kafin ku yanke shawara ki kasance a kan tsarin iyali, kuma ki ƙara wannan a matsayin layi na huɗu a takardarki ta ranar Talata, tare da sunan maganin kamar yadda yake rubuce a jikin kwalin.